Yawon yini ɗaya a gaɓar Amalfi: a bi jagora ko a kama hanya da kai?

Maman_Khalil
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kudancin Italiya. Hajiyarmu ta zo mini wankan jego nan Napoli, kuma za ta koma ƙarshen Satumba. Tun da ta zo ba ta ga komai ba sai asibiti da kasuwa da bangon ɗaki. Ina so kafin ta tafi in kai ta ta ga ƙauyukan bakin tekun nan da ake ta ɗaukar hoto, Positano da Amalfi da Ravello. Na ga masu shirya tafiyar yini ɗaya da ƙaramar bas da jagora, su ɗauke ku da safe su dawo da ku da yamma, amma kuɗin da suka faɗa mini ya kusa Yuro ɗari kowane kai, mu kuwa mu uku ne har da maigida. Shi cewa yake asarar kuɗi ce, mu hau jirgin ƙasa da bas kawai. Hajiya ta haura sittin kuma gwiwa na damunta. Jaririn zan bar shi wurin maƙwabciyata. Me kuka gani?

Hauwa_Torino
Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya Khalil. Kafin a yi maganar kuɗi, ki fara cire Positano daga lissafi in dai gwiwa ce matsalar. Garin a jikin dutse yake rataye, mota sama take sauke mutane, daga nan sai gangara da matakala har bakin ruwa. Gangarawar ma da sauƙi, hawowar ce aiki. Ni da ƙuruciyata sai da na riƙa tsayawa ina haki.

Abu_Sadiq
Ni ina bayan maigidanki. Jirgin ƙasan Circumvesuviana daga tashar Garibaldi a Napoli zuwa Sorrento awa ɗaya da 'yan mintuna ne, daga nan bas ɗin SITA ta bi da ku gaɓar har Amalfi. Duka kuɗin bai kai rabin na mutum ɗaya a waccan tafiyar ba. Abin da ya rage ku ci kifi da shi.

Hauwa_Torino
Malam Abu_Sadiq, da tsohuwa fa ake magana. Ka manta layin da ake yi a tashar Sorrento? Bas ta zo a cike, wata ta wuce ba ta tsaya ba, in kun samu shiga ma a tsaye za ku yi tafiyar kuna riƙe da ƙarfe, motar na karkata hagu da dama. Haka za a yi wa Hajiya?

Abu_Sadiq
A watan Agusta kike magana, Hajiya Hauwa. Ƙarshen Satumba mutane sun ragu.

Bakatsine_Salerno
Sun ragu amma ba su ƙare ba. A Salerno nake zaune, hanyar nan ta SS163 na san ta ciki da waje. Kilomita hamsin ce ko kusa da haka daga ɓangaren Sorrento zuwa Vietri sul Mare, amma kada tsawon ya ruɗe ku, kwana ce bisa kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami har teku. Tun zamanin sarakunan Bourbon aka sare ta a jikin dutse, a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin keken doki, ba don manyan bas aka yi ta ba. Akwai wuraren da in bas biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya, direba ya leƙo ta taga yana naɗe madubi. Shi ya sa tun 2022 hukuma ta fara raba ranakun shiga a lokacin cunkoso, mota mai lamba mara yau, mai lamba cika gobe. Wannan dokar motocin baƙi ta shafa, ban da mazauna wurin da tasi da bas. Don haka in maigida yana tunanin ɗauko motar haya ya tuƙa da kansa, ya bincika tukuna, kuma ya shirya kuɗin fakin mai zafi.

Shawarata daban ce da ta kowa: ku bar hanyar mota gaba ɗaya. Ku hau jirgin ƙasa daga Napoli Centrale zuwa Salerno, bai kai awa ɗaya ba. Kuna fitowa tasha ku miƙe zuwa bakin ruwa, Piazza della Concordia, 'yar tafiya ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Nan jiragen ruwa ke tashi zuwa Amalfi, kamar minti 35. Hajiya na zaune kan kujera, iska na kaɗa ta, tana ganin Vietri da Cetara da Maiori da Minori ɗaya bayan ɗaya daga cikin ruwa, kuma wallahi ta nan ne garuruwan suka fi kyau. Jirgin zai sauke ku daidai bakin garin Amalfi, daga nan zuwa dandalin babban coci babu hawa.

Maman_Khalil
Kai, Allah ya saka da alheri Baban Salerno. Ban ma san da zancen jirgin ruwan ba. Amma Hajiya ba ta taɓa shiga ruwa ba a rayuwarta, ko kwalekwale. Ban san yadda za ta ɗauke shi ba.

Bakatsine_Salerno
Babba ne, ba kwalekwale ba, da rufi da kujeru da banɗaki. Abu ɗaya dai, in teku ta yi fushi sukan soke tashi, kuma daga wajen ƙarshen Oktoba sukan rage ko su tsaya sai bazara. Ki duba yanayi tun daren.

Ɗan_Agadez
Ku yi haƙuri in sa baki. Ni dai ko kyauta aka ba ni tikitin jirgin nan ba zan hau ba. Ta ruwan nan na shigo ƙasar nan, daga Libiya, a kan roba. Akwai waɗanda muka taso tare ba su iso ba. Abokan aikina sun taɓa ja na zuwa Amalfi ranar hutu, kowa na ɗaukar hoto yana cewa dubi shuɗin ruwa, ni kuwa na juya baya ina kallon dutse. Ba hana ki nake ba 'yar uwa, ki kai Mama ta gani, wuri ne mai kyau. Na faɗa ne kawai don wani lokaci in ana zancen tekun nan a nan gidan sai in ji kamar teku biyu ake nufi.

Yar_Damagaram
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ka haƙuri ɗan uwa. A unguwarmu a Zinder akwai gidan da har yau ba su yi zaman makoki ba, ba su kuma daina jira ba.

Malam_Tanimu
Allah ya gafarta musu, ya karɓi shahadarsu. Amin.

Baba_Nima
Amin summa amin. Ɗan_Agadez, mun ji ka.

Maman Khalil, bari in ba ki labarin tafiya da jagora tun da ita kika tambaya kuma har yanzu babu wanda ya yi ta a cikin masu amsa. Ni na yi, lokacin da yayata ta zo daga Accra. Abin da na ji daɗi: an ɗauke mu kusa da gida, mota mai sanyi, kujera tabbas, babu tambayar hanya, kuma direban ya san inda zai tsaya a sama a ga Positano gaba ɗaya ba tare da an sauka ba. Abin da ya ɓata mini rai: lokacin ba naka ba ne. Aka kai mu wani shago a hanya wai a nuna mana yadda ake aikin hannu, muka ɓata kusan awa guda ana tallata mana kaya, sannan da muka isa Amalfi aka ce mu dawo mota bayan awa ɗaya. Yayata ta shiga layin banɗaki, ta fito, ta sayi ruwa, lokaci ya ƙare. Ravello kuwa a guje muka gan ta. Kuma wanda aka kira jagora direba ne kawai da makirufo, yana tuƙi yana magana, rabin abin da ya faɗa ƙarar inji ta cinye.

In za ki biya, ki tambaye su abu uku a rubuce: mutum nawa ne a motar, minti nawa za a yi a kowane gari, kuma akwai jagora mai lasisi daban da direba ko babu.

Abu_Sadiq
Kun ji ko. Yuro ɗari don a kai ka shago.

Hauwa_Torino
Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wadda na bi da ita mace ce, 'yar Minori, mu takwas ne kacal, kuma ita ta sa na fahimci abin da nake kallo. Da ni kaɗai na je da na ga lambunan lemo a jikin dutse na ce sun yi kyau na wuce. Ita ta tsayar da mu ta nuna mana katangun da ke riƙe da ƙasar, duwatsu ne aka jera da hannu babu siminti, hawa bisa hawa. Ta nuna mana rumfunan sandunan itacen kastaniya da ake ɗora rassan a kai, da baƙar ragar da ake lulluɓe su da ita lokacin sanyi. Muna tsaye sai ga wani dattijo yana saukowa da akwatin lemo a ƙeya, ya naɗe tsumma a wuya, yana taka matakala ɗaya ɗaya ba ya kallon kowa, don mota ba ta shiga gonakin. Ta ce matasa ba sa son aikin yanzu, kuma in aka bar gona katangar ta zube, ruwan sama ne zai kwaso ƙasar ya sauke wa na ƙasa. Lemon nasu sfusato suke ce masa, dogo mai tsini, ɓawonsa da kauri. Wannan bayanin ba za ka same shi a tagar bas ɗin SITA ba.

Bakatsine_Salerno
Gaskiyarta kan zaizayar. Ambaliyar Oktoban 1954 ta yi mummunar ɓarna a Salerno da Vietri da Maiori da Minori, mutane sun mutu da yawa. Shi ya sa za ki ga gine-ginen bakin ruwan Maiori sababbi ne, ba irin na Amalfi ba. Wasu na raina garin saboda haka, amma ga mai ciwon gwiwa babu kamarsa: shimfiɗaɗɗe ne, bakin ruwansa ya fi na kowa tsawo a gaɓar, da benci da inuwa, kuma shayi ko kofi bai kai tsadar Positano ba.

Malam_Tanimu
Tun da an zo kan abin da jagora ke faɗa, bari in ƙara nawa, don tarihin Amalfi ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Garin da kuke gani ƙarami, a ƙarni na 10 da na 11 ƙasa ce mai cin gashin kanta, jiragenta na zuwa Iskandariyya da Tunisiya da Kustantiniyya. Ibn Hauƙal, matafiyin nan na ƙarni na 10 wanda ya yi rubutu kan Sijilmasa da Audagust da cinikin zinarin ƙasar Sudan, wato yammacin Afirka, ya ambaci Amalfi a matsayin gari mafi arziki a yankin. Har kuɗin zinari suka riƙa bugawa, wanda ake kira tari, suna kwaikwayon rubu'in dinarin Faɗimiyyawa da rubutun Larabci a jiki. Zinarin da ke yawo a kasuwannin arewacin Afirka a lokacin kuwa da yawansa ta Sahara ya hauro daga yammacin Afirka. Sana'ar takarda ma daga Larabawa suka koyo ta, har yau akwai gidan tarihin takarda a cikin kwarin da ke bayan garin, a wata tsohuwar masana'anta, ana nuna yadda ake dakan tsumma da ƙarfin ruwa. In kun shiga farfajiyar da ke gefen babban cocin, Chiostro del Paradiso, wadda aka gina wajen 1266, ku dubi bakunan ginin, sai ka rantse a ƙasashen Magrib kake. Ƙofar tagulla ta cocin kuma a Kustantiniyya aka ƙera ta a ƙarni na 11. Ƙarfin garin ya karye ne bayan mutanen Pisa sun kai masa hari a 1135 da 1137, sannan teku ta cinye wani ɓangare na tashar jiragen a 1343.

Baba_Nima
Malam, namu direban duk bai faɗi wannan ba. Abin da ya dage a kai shi ne hasumiyoyin da ke kan duwatsu, wai na gadin 'yan fashin Musulmi ne, yana faɗa yana kallonmu ta madubi yana dariya, yayata da hijabinta.

Malam_Tanimu
Hasumiyoyin gaskiya ne, hare-haren ma an yi. A 1544 jiragen Hairuddin Barbarossa, kwamandan jiragen ruwan Daular Usmaniyya, sun nufo Amalfi, guguwa ta tarwatsa su, har yau suna bikin ranar duk 27 ga Yuni. Amma an yi yaƙi an kuma yi ciniki, wanda ya ba ka rabi ya ɓoye rabi bai yi aikinsa ba.

Yar_Damagaram
Malam ya buɗe aji. Ni tambayata ta ciki ce: me Hajiya za ta ci? Don na san tsofaffinmu, in ba su yarda da abinci ba sai su yini da yunwa su ce sun ƙoshi.

Hauwa_Torino
Tambaya mai kyau. Kifi ne mafita. Akwai soyayyen kifi ƙanana da ake zubawa cikin takarda a naɗe kamar ta ƙosai, cuoppo, ana ci a tsaye. Cetara garin masunta ne, su ne gwanayen anchobi da tuna. Amma a kula da abu uku. Limoncello da za a miƙo muku a ƙaramin kofi kyauta a shaguna giya ce, kada launin ruwan lemon ya ruɗi Hajiya. Kek ɗin lemon da ake kira delizia sau da yawa akwai ita a ciki, babà kuwa a ruwan rum ake jiƙa shi. Na uku, kayan fulawa na Napoli da yawa da kitsen alade ake yi, strutto, har sfogliatella da taralli. Taliya da kayan teku ma wasu sukan zuba farin giya wajen dafawa, sai an tambaya. Granita ta lemo dai lafiya lau, ƙanƙara ce da lemo da sukari.

Maman_Khalil
Na strutto na sani, shekaruna a Napoli sun koya mini. Na kek ɗin ne ban sani ba, na gode Anti Hauwa. Hajiya ma ta riga ta ce ita dambun naman da ta zo da shi za ta ɗauka da biredi.

Abu_Sadiq
Hajiya ta fi ku duka dabara.

Yar_Damagaram
To salla fa? Akwai masallaci a can?

Bakatsine_Salerno
Kada ku dogara da samun masallaci a ƙauyukan. Ku fito da alwala da 'yar darduma. Ƙarshen bakin ruwan Maiori akwai wurin da babu cunkoso, haka a Atrani, wanda ke manne da Amalfi, ƙaramin gari ne ƙwarai, mutane ba su cika shiga lungunansa ba. Alƙibla kudu maso gabas ce, wayarki za ta nuna miki.

Abu_Sadiq
Ai matafiya ne, su yi ƙasaru su haɗa Azahar da La'asar kawai.

Malam_Tanimu
A yi a hankali Malam Abu_Sadiq. A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru barid huɗu ne, mil 48, wato kilomita tamanin da ɗoriya, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa ban da dawowa. Napoli zuwa Amalfi ta hanyar mota bai kai haka ba.

Abu_Sadiq
In suka bi ta Salerno kamar yadda Bakatsine ya ce, a haɗa na jirgin ƙasa da na ruwa, ai an kusa.

Malam_Tanimu
An kusa ba an kai ba ne. Kuma ba matsi a ciki, ƙarshen Satumba Azahar wajen ƙarfe ɗaya take shiga, La'asar bayan huɗu, Magariba wajen bakwai. Ta yi Azahar a can, La'asar ko a can ko a Salerno. Wanda yake bin wani ƙaulin ban hana shi ba, amma Hajiya na tabbata abin da ta tashi a kai za ta bi.

Zainab_Jenowa
Na zo a makare. Tun da ba a ambata ba, in wani na arewacin Italiya yana karanta wannan yana sha'awa, muna da namu a Liguriya, Cinque Terre: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola, Riomaggiore. Su ma UNESCO ta sa su a jerinta na wuraren gadon duniya a 1997, shekara ɗaya da gaɓar Amalfi. Bambancin shi ne can jirgin ƙasa ke haɗa ƙauyukan biyar daga La Spezia, mintuna kaɗan tsakanin kowanne, don haka jagora ba dole ba ne ko kaɗan. Corniglia ce kawai ke sama, matakala kusan 380 daga tasha, amma akwai ƙaramar bas. Hanyar ƙafar nan ta Via dell'Amore da zaftarewar dutse ta rufe tun 2012 an sake buɗe ta a 2024, sai dai yanzu da tikiti da lokaci ake shiga.

Hauwa_Torino
Zainab, daga Napoli zuwa La Spezia da mai jego da tsohuwa a yini ɗaya? Ki bari sai Khalil ya yi wayo.

Zainab_Jenowa
Na ce ai don na arewa. Kowa ya yabi tekunsa.

Baba_Nima
Mu koma kan tambayar. Maman Khalil, ni a ganina in kin cire Positano kamar yadda aka ce, rabin amfanin motar jagora ya tafi. Saura Ravello. Tana sama sosai, fiye da mita 300 daga ruwa, bas daga Amalfi kamar rabin awa, kwanoni masu juya ciki. Amma in an isa, dandalin shimfiɗe yake kuma Villa Rufolo na nan bakin dandalin, lambun da ake leƙa teku daga sama. Villa Cimbrone ce ke da tafiyar ƙafa da matakala, ita ku bar ta. In Hajiya na jiri a mota ki ba ta citta ta tauna, kuma kada ta cika ciki kafin hawa.

Hauwa_Torino
Ni har yanzu ina ganin a nemi jagora ko na awa biyu ne a cikin Amalfi kawai. Ana samu, ku je da kanku ta ruwa ku haɗu da shi a dandali. Hajiya ba Italiyanci ba Turanci, ke za ki riƙa fassara mata, to gara ki sami abin fassarawa.

Bakatsine_Salerno
Ko ta tambaya a L'Orientale nan Napoli, jami'ar ai ana koyar da Hausa a cikinta. Wa ya sani ko a dace da ɗalibi ɗan yankin da zai so ya gwada bakinsa da Hajiya.

Abu_Sadiq
Ko ta buga abin da Malam Tanimu ya rubuta a sama ta karanta mata, kyauta.

Maman_Khalil
Na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta, har na Ɗan_Agadez, ta yi shiru ta yi masa addu'a, ta ce a gaishe shi. Zancen jirgin ruwa ta ce in dai ni zan zauna kusa da ita ta yarda. Maigida ya ji daɗi don kuɗinsa sun tsira, amma yanzu shi ne ke cewa ba zai je har can bai ga Positano ba, wai me zai nuna wa mutane. Baban Salerno, jirgin da ke zuwa Amalfi yana wucewa har Positano? In haka ne ko mu zauna a ciki a gan ta daga ruwa ba sai an sauka ba?

Bakatsine_Salerno
Wasu suna wucewa, daga Salerno kamar awa ɗaya da minti goma ne har Positano. Kuma jirgi a ƙasa yake sauke mutane, bakin rairayi, ba sama kamar bas ba, don haka Hajiya na iya sauka ta zauna kusa da cocin nan mai ƙubba ta tangaram, shi maigida ya hau matakalarsa ya yi hotonsa ya dawo. Ku dai fara da Positano da safe, ku dawo Amalfi da rana, kuma ku tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kuna sayen tikiti. Ravello kuma ban ga inda za ta shiga a yini ɗaya ba in an ƙara Positano.

Baba_Nima
Ni da Ravello zan zaɓa a kan Positano, sau goma.

Hauwa_Torino
Ni ma. Amma ba mu ne ke biya ba.